Maganin da Goggo Ta Raba Biyu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Goggo ta riga mu tafiya da hantsin wata Talata ana yayyafi. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da kuwa zagina take yi.

Kafin a gama yi mata wanka gidanmu na Laranto a Jos ya cika har zaure. Matan kasuwa suka rufe rumfuna suka taho da zannuwan aiki, wasu da ƙasar dankali a farce. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zauna bakin rijiya tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Da aka tambaye ta daga ina, sai ta ce ita ba dangi ba ce, shekaru ne dai Goggo na ware mata ƙananan dankali duk yamma ba ta taɓa tambayar sunanta ba. Iya, Bayarabiyar da ke haya a ɗakin baya, ta ɗaura gyale a ƙugu ta kori kowa daga madafa, ta ce yau duk wanda ya taɓa mata tukunya za su yi. Mahaifina kuwa, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, yana kan tabarma a waje yana karɓar gaisuwa, magana ɗaya yake maimaita wa duk wanda ya miƙo masa hannu.

"Ba ta taɓa cin abu ita kaɗai ba."

Kowa sai ya gyaɗa kai, don kowa ya shaida. Ni kuwa maganar sukata take yi, saboda na san lokacin da wannan halin nata ya kusa kashe wata baiwar Allah, ya kuma kusa raba ita kanta da maganin da ke riƙe da ita. 'Yan gida sun san kan labarin, ba su san cikinsa ba. Na ga masu ta'aziyya za su watse da rabin Goggo a ransu, shi ya sa na ɗauki biro, don a tuna da ita yadda take, da kuskurenta da komai.

Dankalin turawa take sayarwa, da kabeji da karas, a rumfa ɗaya tun kafin a haife ni. Ba ta da taushin baki ko kaɗan. In ta ba ka abu sai ta haɗa maka da zagi: ungo, shashasha, dube ka kamar ba a ciyar da kai. Goro ɗaya sai ta ɓantare shi gida biyar. In aka kawo mata masa uku tana zaune da mutum huɗu, sai ta tsaya tana yaga kamar mai rabon gado, ita ta tashi da ɓawon gefe. Gyaran da take zuba wa mai saye har maƙwabtan rumfa sun sha kai ƙararta wurin sarkin kasuwa, wai tana lalata musu ciniki. Ta je ta saurara, ta ce ta ji, ta dawo ta ci gaba.

Akwai kuma gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadonta. A unguwarmu ba a zubar da ragowar magani. Wanda ya warke sai ya ajiye wa na gaba, kuma gwangwanin Goggo shi ne babban ma'ajin layinmu. Akwai na zazzaɓi, na tari, na ciwon ciki, man zafi, har da ƙwayoyin da takardarsu ta goge babu mai sanin na mene ne. Da mace ta shigo tana dafe kai sai Goggo ta jawo gwangwani tana cewa, "Ni ya yi mini, ke ma zai yi miki." Na yi faɗa a kan gwangwanin nan har na gaji. Sai ta ce mini don na yi boko na zama malamar makaranta shi ne zan koya mata tausayi.

Ciwon ya fara ne da baya. Ta ɗora wa buhunan dankali laifi, daga baya ta ɗora wa sanyin Jos. Aka sha man zafi, aka je wurin mai ɗori, ta ƙarar da rabin gwangwaninta a kanta. Ga kasala, ga tafin hannu ya yi fari fat. Ran nan ta sunkuya ɗaukar kwando sai ta kasa miƙewa, 'yan dako ne suka ɗauko ta zuwa gida tana zaginsu wai sun riƙe ta kamar buhu.

A babban asibiti aka yi ta aune-aune har muka dangana da sashen likitocin jini. Likitan da ya karɓe mu matashi ne, Bayarabe haihuwar Jos, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya nuna mini hoton ƙashinta, duk ƙananan ramuka kamar itacen da gara ta ci. Ya ce ciwon daji ne na ɓargo, mayeloma suke kiransa. Shi ke cinye ƙashi, ya rage jini, wani lokaci ya taɓa ƙoda. Bai yi mana ƙarya ba. Ya ce ba a cika warkewa fes ba, amma ana danne shi mutum ya yi shekaru yana harkarsa.

Sannan ya kawo maganar binciken. Ya ce a da duk wanda aka gano yana da ciwon nan kusan magani ɗaya ake ɗora shi a kai, wani ya yi masa yawa ya kwantar da shi, wani ya yi masa kaɗan ciwon ya tsere. Yanzu suna cikin wani bincike da ake yi wa waɗanda aka gano nasu sabo. Za a ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu a duba ƙwayoyin ciwon, a gane mai gaggawa ne ko mai tafiya a hankali. Za a duba mutumin kansa, shekarunsa, ƙodarsa, zuciyarsa, ƙarfin tafiyarsa. Daga nan sai a yanka masa magani daidai da shi, kuma bayan 'yan watanni a sake aunawa, a ƙara ko a rage. Goggo ta saurara tsaf, ta ce ashe dai aikin tela ne. Likita ya yi dariya ya ce haka ne, Mama.

Mahaifina bai so ba. Ya ce gwaji za a yi da yayarsa kamar ɓeran asibiti. Aka zauna a tsakar gida, na karanta takardar yarda da Hausa tun daga farko har ƙarshe, har wurin da aka ce tana iya fita duk ranar da ta ga dama. Kowa kuma ya san gaskiyar da ba a faɗa da ƙarfi ba: a cikin binciken ake ba da magungunan nan, a waje ko gidan muka sayar ba za su kai mu ko'ina ba. Goggo ta bari kowa ya gama, sannan ta ce jikinta ne, in an koyi wani abu da shi wata ta huta, to ba a yi asara ba. Washegari ta dangwala yatsa.

Sakamako ya nuna nata mai gaggawa ne, amma ƙodarta da zuciyarta lafiya lau. Don haka aka ɗora ta a kan mai ƙarfi: ƙarin ruwa, allura a fatar ciki, wasu ƙananan ƙwayoyi sau ɗaya a mako, da wani babban kafso kullum na mako uku, a huta mako ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin nan, ranar da ta sha su gida ba ya zama lafiya. Ta ci tuwo malmala uku, ta tono faɗan da aka yi tun zamanin kakanni, ta sa a sake jera kwanukan da aka jera jiya. Nas ɗin binciken, wadda kowa ke kira Sista, ta ba ni kati in riƙa sa alama duk ranar da aka sha kafso. Ta ja mana kunne sau uku cewa maganin nan na Goggo ne ita kaɗai, mace mai ciki ko taɓa shi kada ta yi. Goggo ta ce ta ji. Da na tuna sarkin kasuwa da na san me "na ji" ɗinta ke nufi.

A bencin jira na ranar Alhamis ta haɗu da Malama. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, 'yar asalin Filato, Kirista, tana zaune a Tudun Wada da 'yarta mai aikin gwamnati. 'Yar ƙaramar mace ce mai sanyin hali, kullum tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne. Ranar farko Goggo ta dube ta ta ce wannan wace irin rama ce, ta ɓantara mata ƙosai. Malama ta ce, "Hajiya, kai akwai faɗa," ta karɓa ta ci. Shi ke nan aka ƙulla. In an tashi daga asibiti sai mu shiga keke ɗaya zuwa Tina Junction, su sayi gasasshiyar masara ɗaya su karya biyu, su zauna a bencin mai masarar suna gulmar likitoci, ni kuma in tsallaka titi neman keken da zai kai kowa gida.

Ciwon Malama mai tafiya a hankali ne, ga shi ƙodarta ta yi rauni. Saboda haka ba a yi mata ƙarin ruwa, kuma kafsonta ƙarami ne, a sha yau a tsallake gobe. Da Goggo ta leƙa ledarta ta ga 'yan ƙwayoyi a ƙasa, ta dubi tata ledar cike, sai ranta ya ɓaci. Duk hanyar gida tana mita wai an cuci baiwar Allah. Na yi mata bayani yadda likita ya yi mana, na ce ƙodar Malama ba za ta iya wanke babban ba. Ta ce ciwo ɗaya, benci ɗaya, layi ɗaya, a ba wata magani huɗu a ba ɗayar biyu da rabi, wannan ko a rabon naman layya ba a yi. Abin da ya fi cin ranta, ta ɗauka don likita na wasa da ita yana kiranta Mama shi ya sa aka fifita ta, kuma kunya ta hana ta haɗa ido da Malama. Na ce Goggo ki bar maganar nan. Ba ta sake tayar da ita ba, ni kuma na ɗauka ta bari.

A nan nawa laifin yake. Da sassafe nake fita makaranta, sai in leƙa in ce Goggo kin sha? Ta ce na sha. In zaro biro in sa alama in wuce. Ban taɓa tsayawa na ga ta haɗiye ba.

Bayan kamar mako shida, wata Alhamis muka tarar da wurin Malama babu kowa. Sista ta ce an ba ta gado tun shekaranjiya. Muka hau sama muka same ta ba ta ko iya buɗe ido sosai, zazzaɓi kamar wuta, baki duk gyambo, dasashi na tsattsafar jini. 'Yarta na tsaye a kanta ido ya kumbura. Ta ce mana jinin uwarta ya zube ƙasa warwas kuma likitoci sun rasa dalili, don ɗan maganin da take sha bai isa ya yi haka ba. Suna zargin ciwon ne ya juya ya zama mai gaggawa. Za su sake huda ƙugunta, in haka ne kuma sai a koma magani mai ƙarfi. Goggo ta tsaya a ƙafar gado ba ta ce uffan ba, ko sannu. Abin ya ba ni mamaki, don Goggo ba ta shiga ɗakin mara lafiya ta fito ba ta yi wa wani faɗa ba.

Da muka dawo ta ce in kai ta rumfa. Ba ta iya ciniki lokacin, zama kawai take zuwa yi. La'asar ta yi, kasuwa ta lafa. Ta kwance bakin zaninta, sai ga kafso uku a ƙulle, irin nata manya.

Ta ce na wannan makon ne, da yau za ta ba Malama. Duk Alhamis, da na tsallaka titi neman keke a Tina Junction, sai ta damƙa wa Malama na ranakun da aka ce ta tsallake. Ita Goggon kuma ta koma shan nata yau a sha gobe a huta, don su daidaita. Malama ta ƙi da farko, Goggo ta yi mata rantsuwa ta ce in ba ta karɓa ba ƙawancen ya ƙare, ta kuma sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba. Shi ya sa ga ta can kwance tana neman mutuwa ba ta buɗe baki ba.

Na zauna a kan buhu. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ne: abin da ya fara zuwa raina ba Malama ba ce. Goggo ce. Na ce ta mayar da ƙwayoyin nan ta ɗaure bakinta. Na ce ai yanzu an tsayar wa Malama da komai, jininta zai dawo da kansa, babu wanda zai sani. In kuwa ta faɗa, cire ta za su yi daga binciken, kuma ranar da aka cire ta ranar za mu fara ƙirga kwanakinta. Na yi kuka, na yi masifa, na ce ta raine ni ba uwa a kusa yanzu kuma za ta jefar da ranta saboda matar da ta sani wata uku. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Uwata, in suka ɗauka ciwon ne suka ɗura mata mai ƙarfi fa?"

Na ce ba lallai su yi ba.

"Ba lallai ba. To da hannun nan na ba ta. Tashi ki samo mana keke."

Muka koma asibiti a ranar. Ta sami likita a bakin ɗakin da Malama take, 'yar Malama na gefensa. Na ce Goggo mu ja shi gefe, ta ƙi. Aka ba ta kujera, ta ƙi zama, ga bayan nan nata da ba ya son tsayuwa. Ta buɗe tafin hannu ta nuna masa kafso ukun.

"Likita, kada ku huda ta. Ciwonta bai juya ba. Ni na riƙa ba ta nawa."

Likita ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai yi tsawa ba. Tambaya kawai ya yi, guda nawa a mako, tun yaushe, yaushe ta sha na ƙarshe. Da ta amsa sai ya juya da sauri ya shiga ciki yana kiran nas-nas. 'Yar Malama ce ta yi maganar. Ta ce Goggo ta kusa kashe mata uwa da jahilci, ta haɗa da Turanci da Hausa, mutane suka taru. Na yunƙura zan rama, don ni ma bakina ba ya da linzami, sai Goggo ta damƙe mini hannu har ya yi zafi. Matar da ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da goma ba, ta tsaya kanta a ƙasa har yarinyar nan ta gaji ta fashe da kuka.

Da ƙura ta lafa likita ya kira mu ofis. Ya ce abin da ta faɗa ya canza komai, yanzu sun san abin da suke yaƙa. Ya ce babban kafson nan ƙoda ce ke fitar da shi, ta Malama kuwa ba ta iyawa, sai ya taru ya kashe mata ɓargon da ke yin jini. Ya juyo kan Goggo ya ce ita kuma, mai ciwon gaggawa, ta yi mako shida a kan rabin abin da aka auna mata. Dole ya rubuta wa masu sa ido a kan binciken, kuma hukuncin zamanta ba a hannunsa shi kaɗai yake ba. Ya ƙara da cewa su ma suna da nasu, sun yi wa kowace bayanin nata a ɗaki, ba su yi tunanin abin da ake yi a benci ba. Goggo ta ce ya rubuta yadda aka yi, kada ya rage mata komai, amma ya rubuta cewa Malama tilasta mata aka yi.

Mako biyun da muka yi muna jiran hukunci ban ci abincin kirki ba. Ita kuwa ko a jikinta, Malama ce damuwarta. Da ta ji ana neman jini, ita ba a karɓar nata, sai ta aika kasuwa. Washegari ga 'yan dako da matan rumfa sun cika barandar asibiti, wasu ko sanin wadda za a ba ba su yi ba, an dai ce Goggo ce ta ce. Har Sista ta fito tana roƙon a koma gida haka nan ya isa. A hankali zazzaɓin ya sauka, bakin ya warke. Ranar da Malama ta iya zama ta sha kunu, Goggo ta leƙa daga ƙofa ta kasa shiga. Malama ta hango ta ta ce, "Hajiya, shigo mana, kai ne ka fasa alkawari, ba ni ba."

Ba a cire ta ba. Amma aka canza mata tsari. Maganin mako ɗaya kawai ake ba ta, mu dawo da fankon a ƙirga a gaban Sista, kuma sai na ga ta haɗiye da idona kafin in sa alama. Har buɗe mini baki take yi tana hararata, tana cewa to Uwata 'yar sanda, kin gani? Daga baya Sista ta roƙe ta ta riƙa yi wa sababbin zuwa magana a benci, don sun fi jin ta bakinta. Ai kuwa ta samu aiki. Duk wadda ta ga tana leƙen ledar wata sai ta daka mata tsawa, ta ce kowa da awonsa, ita da kuke gani ta kusa kai ƙawarta kabari da hannunta. Ba ta taɓa sassauta labarin don ta fita kunya ba. Gwangwanin biskit kuwa, wata safiya ta miƙo mini shi ta ce in kai wa Sista ta san yadda za ta yi da shi, amma sai da ta zare man zafinta tukuna.

'Yar Malama ta yi watanni ba ta gaishe mu ba. In mun haɗu sai ta kau da kai, ni ma in kau da nawa. Sai wata Lahadi da rana ga ta a ƙofar gida da kula a hannu, daga coci take. Ta ajiye a gaban Goggo, gwaten acca ne da zafinsa, ta ce Mama ce ta ce a kawo. Goggo ta buɗe ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi kaɗan, sannan ta sa aka kawo cokali biyu. Suka ci tare ba wanda ya tayar da tsohuwar magana.

Shekara biyu da wani abu Goggo ta samu. Ta koma rumfa, ta aurar da jikoki biyu, ta yi faɗa da duk wanda ya kamata. Awon da ake yi mata ya yi kyau har aka rage mata ƙarin ruwan. Sannan ciwon ya dawo, kuma da ya dawo bai tsaya wasa ba. Na sami likita ni kaɗai na tambaye shi ko makonni shidan nan ne suka jawo. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan e ko a'a ba, irin nata yakan dawo da wuri ko an sha komai daidai. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba, amma tambayar tana nan tare da ni, don ni ce mai biro. Goggo ba ta taɓa yin tambayar ba, ko sau ɗaya.

A makonta na ƙarshe haɗiya ta gagara. Likita ya ce a dakatar da kafson, a mayar da ragowar in an samu hali. Bakwai aka ba mu, ta sha biyu. Na ce ta ba ni in kulle a akwati, ta ƙi, ta tura ledar ƙarƙashin matashinta ta ce amanarta ce. Ɗakin nan kuwa bai rabu da 'yan dubiya ba, kuma rabinsu tsofaffi ne masu kukan ƙugu da baya, waɗanda suka saba fita daga ɗakin da wani abu ƙulle a zani. Ni ina kai da kawo, ba koyaushe nake ciki ba. Hankalinta ma yakan tafi ya dawo. Bayan ta cika na ɗauke ledar na jefa a jaka ban buɗe ba. Tsoro nake ji, ba na so in sani.

Ranar sadakar uku Malama ta zo, tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da ita. Ta zauna cikin mata, da aka ɗaga hannu ana addu'a ita ma ta ɗaga nata. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta tambaye ni ko akwai ragowar magani. Na ce akwai. Ta ce Alhamis mai zuwa in same ta a asibiti mu mayar tare.

Na je. Sista ta rungume ni muka yi kukanmu, sannan ta koma kujerarta ta buɗe kati, don aiki aiki ne. Ta zazzage ledar a kan faranti ta sa ɗan ƙarfe tana turawa ɗaya bayan ɗaya. Ni na kasa kallo, fuskar Malama nake kallo, ita kuma bakinta na motsi tana ƙirgawa tare da Sista. Biyar. Sista ta sake bi, biyar ne.

Malama ta dafa teburin da hannu biyu.

"Wannan karo bai ba kowa ba," in ji ta.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya haskaka makwancinta, Ya yafe mata abin da ta yi da zuciya ɗaya ya zo da kuskure, Ya yafe mini nawa da na yi da son kai. Na raka Malama har benci na zaunar da ita, don ba a kai ga kiran sunanta ba. Tana nan da ranta, tana shan ɗan ƙaramin kafsonta, yau a sha gobe a tsallake.